Damin da Na Kira Galla

Na yi wa Baffa laifi, kuma ina sane na yi. Gara in fara da wannan, don kada mai karatu ya ɗauka cewa mai wannan rubutu yana cikin waɗanda suka kyautata masa. Ni ne na tsaya a ƙofar gidan dagaci, a gaban mutanen gari, na ba da shaidar da ta raba shi da gonarsa. Shekara bakwai ya ƙara a duniya bayan nan. Ya rasu wata Talata da hantsi a Dorayi, a ɗakin da 'yarsa ta ware masa a gidan hayar da suke ita da mijinta.

Jana'izar ba ta tara jama'a sosai ba, amma waɗanda suka zo sun ba 'yan unguwar mamaki. Leburorin kamfanin jima na Challawa suka iso a bayan motar ɗaukar fata, da takalman robarsu a ƙafa, warin aiki bai sake su ba. A cikinsu akwai Kiristoci 'yan kudancin Zariya. Suka tsaya can gefe har aka idar da salla, sannan suka bi mu makabarta, ɗayansu ya karɓi shebur ya yi ta tura ƙasa. Wani tsoho daga ƙauyenmu ya ce yau an rufe mutum na ƙarshe da ya san iyakar kowace gona a bakin kogi. Na kusa da shi ya amsa cewa ai gonakin sun riga shi tafiya, me za a yi da iyakar. Mai gidan hayar kuwa cewa ya yi shi bai san marigayin da komai ba sai yawan shiru da yawan wanke ƙafa.

Da jin labarin rasuwar, yayana ya aika da farin yadi na likkafani, kamar yadda gidanmu ya saba yi idan wani daga rinji ya mutu. 'Yar Baffa ta dawo da shi a naɗe yadda aka kai mata. Ta ce an gode, amma mamacin ya sayi nasa da daɗewa, yana cikin akwatinsa, kuma ya bar wasiyya kada a rufe shi da yadin gidan kowa. Yaya ya ji zafin abin. A wurin zaman makoki ya riƙa gaya wa duk wanda ya zo gaisuwa cewa ai mutumin gidanmu ne tun kakanni. Mutanen rinji suna jinsa suna jan carbi.

Ya kamata in bayyana ko wane ne shi a wurinmu. Rinji shi ne ƙauyen da bayi suke zama a dā suna yi wa ubangidansu noma, kuma kakana yana da ɗaya a bakin kogin Challawa. Uban Baffa yana cikin waɗanda aka kawo can a ɗaure tun yana saurayi. Da Turawa suka ci ƙasar aka ce bauta ta ƙare, yawancin bayin suka watse. Shi bai tafi ba, don bai san hanyar garinsu ba. Ya sami wani kurmi mai ƙaya a gaɓar kogi wanda babu mai so, ya sare shi, ya mai da shi gona, sama tudu ƙasa fadama. Matarsa ce ta shayar da mahaifina lokacin da kakata ta kwanta jinya, a daidai lokacin da take goyon Baffa. Don haka a addini shi ɗan'uwan mahaifina ne na nono, kuma Baffa muke ce masa. A bayan idonsa akwai masu cewa bacucane, wato wanda aka haifa a gidan bauta. Ni ma na sha faɗa.

Gajere ne, mai faɗin tafin hannu, ba ya zama a kujera ko an ba shi. In ka tambaye shi lafiya, amsarsa ɗaya ce kullum: "Ga mu nan dai, ba a kore mu ba tukuna." Mutane suna dariya, shi ba ya yi. Kullum akwai albasa a aljihun taguwarsa, yana ɓare ta yana ci kamar goro. Tun ranar da na gama firamare ya daina kiran sunana, ya koma ce mini Akawu, in ya gan ni sai ya tambaye ni yau sunan wa na rubuta. Ba waliyyi ba ne. Yana da riƙo. Ya taɓa yin shekara biyu bai yi wa maƙwabcin lambunsa magana ba saboda mutumin ya karkatar da ruwa daga fangalinsa da rana ɗaya, kuma har liman ya shiga tsakani bai sauko ba sai da ya ga dama.

Akwai alherin da ya yi mini wanda ko matata ba ta sani ba sai yanzu. A shekarun farin nan da rijiyoyi suka ƙafe, ina aiki a wata masaƙa a Bompai, sabon aure, aka rage ma'aikata da ni a ciki. Kunya ta hana ni faɗa a gida. Sai in tashi da safe in sa kayan aiki in hau keke, in bi ta bayan gari in zarce lambun Baffa. Ranar farko ya dube ni daga sama har ƙasa, bai tambaye ni komai ba, ya nuna mini jigo ya ce guga ba ta cika kanta. Kogin ya ja baya a shekarar, sai da ya tona rami a cikin yashi kafin ya sami ruwa. Wata biyu ina ja masa ruwa. Da la'asar ya ɗaure mini alayyaho da albasa da tattasai a bayan keke, ya ce in an tambaye ni in ce a hanya na saya. Bai taɓa ɗaga maganar ba, har a ranar da ya fi kowa dalilin ɗaga ta.

Kowace kaka yakan kawo dami ɗaya na dawa gidanmu. A ka yake ɗauko shi tun daga rinji, ko da yake yana da jaki. Ya sauke a zaure, mahaifina ya fito, ya zare zangarniya ɗaya ya juya ta ya ce bana ma ƙaiƙayi aka kawo masa. Baffa ya ce ai daidai haƙoransa ke nan. Daga nan su zauna a tabarma ɗaya su ci tuwo a kwano ɗaya, su yi ta musu a kan wanda ya fi wani tsotson nono. Bayan mahaifina ya rasu bai fasa ba. Sai ya riƙa shiga da damin har cikin gida ya ajiye a ƙofar ɗakin Goggo, yayar mahaifina, wadda ta dawo gida zama bayan mutuwar mijinta.

Bayan Bompai na ɗan taɓa aiki a Sharada, sannan da aka fara gina kamfanoni a Challawa na sami akawun ƙofa a wani kamfanin jima. Aikina kula da katin ma'aikata, wa ya shigo, wa ya makara. Na ji daɗi, ga aiki kusa da gida. Ruwan da ake jiƙa fata da wanke ta, mai haɗe da magungunan jima, ta wani babban lambatu yake fita bayan katanga ya gangara kogi. Wata rana shuɗi-shuɗi, wata rana baƙi ƙirin, ga wari mai kama maƙogwaro. Gonar Baffa tana ƙasa da inda yake zuba. A ranin farko albasarsa ta ruɓe a cikin ƙasa. A na biyu kifi ya riƙa tasowa da ciki a sama, kuma fatar ƙafafunsa ta fara saɓulewa daga idon sawu zuwa ƙwauri, don a cikin ruwan yake tsayawa yana ban ruwa. Har ya mutu ƙafafun ba su warke ba.

Wata rana da hantsi ya zo ƙofar kamfani da ƙwarya a rufe da faifai, ya ce manaja yake son gani. Masu gadi suka yi masa dariya, shi kuwa ya sami gindin katanga ya zauna. Da manajan ya fito zai shiga mota, wani Bature dogo mai jan wuya, Baffa ya miƙe ya tare shi, aka kira ni in yi tafinta. Ya buɗe ƙwaryar. Ruwan lambatu ne, ya ɗebo daga inda yake shiga gonarsa. Ya ce in gaya wa Bature ba faɗa ya kawo ba. An ce masa kamfani ya ce ruwan ba ya cutarwa, to ga shi, ya sa hannu ya wanke fuska. In ya yi, shi zai koma ya ci gaba da ban ruwansa. Na fassara yadda ya faɗa, wannan kam ban rage ba. Baturen ya leƙa ƙwaryar, ya ja da baya, ya ce za a duba. Ruwan da shi da sauran manya suke sha a tanka ake kawo musu daga cikin gari, kuma famfonsu daban yake da na leburori, da kwaɗo a jikinsa.

Ƙorafi ya yi yawa daga masu lambu, har aka daidaita cewa za a karɓe gonakin bakin kogin gaba ɗaya, a ba masu su musaya a kan tudu wajen Zawaciki, a haƙa musu rijiyoyi. Aka sa rana za a rubuta sunayen masu gonaki a ƙofar gidan dagaci.

Kwana biyu kafin ranar Yaya ya same ni a gida. Ya ce ƙasar rinji duk ta kakanmu ce, kowa ya sani, wanda aka bari ya noma wani yanki aro aka ba shi. Ya ce filin musayar yana bakin hanya, gari kuma can yake tafiya, 'ya'yanmu za su ci amfaninsa. Ya ce ni ne mai ilimin gidan, ni ne kuma ma'aikacin kamfani, maganata za a fi ji. Ba zan ce ya tilasta ni ba. Tun kafin ya gama magana na fara tunanin inda zan kafa ɗaki a filin.

Ranar ta zo. Dagaci yana kan buzu a gindin durumi, wakilin kamfani da ma'aikacin hukuma suna kan benci da babban littafi. Da aka zo kan gonar, Baffa ya tsuguna ya yi bayani a taƙaice: ubansa ya sari wurin yana kurmi, shi ya gada, tun yana yaro yake noma ta, babu wanda ya taɓa ce masa tashi. Yaya ya ce aro ne. Babu mai takarda a cikinsu. Ma'aikacin hukumar ya ce abin mai sauƙi ne, in aro ne ai akwai abin da ake kai wa mai gona, shin ana kai wani abu? Dagaci ya dubi inda nake.

Na ce ana kaiwa. Na ce kowace kaka yana kawo dami gidanmu, tun zamanin mahaifinmu har yau, kuma galla ne. Galla shi ne kason amfanin gona da wanda ya ari gona yake kai wa mai ita.

Dagaci ya juya ya ce, "Malam, kana kai dami gidansu?"

"Ina kaiwa, ranka ya daɗe."

"Na mene ne?"

Baffa ya ɗago ya dube ni. Ba harara ba ce, irin kallon da ya yi mini ne ranar da na je lambunsa da kayan aiki.

"Akawu ya faɗa," in ji shi.

Aka rubuta sunan mahaifinmu. Baffa ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya yi wa dagaci sallama, ya tafi yana ɗingishi.

Labari ya riga mu isa gida. Goggo ta aika a kira mu ni da Yaya. Ta ce mu zauna a ƙasa, muka zauna, mu da muke da 'ya'ya. Ta ce lokacin wata babbar yunwa, tana yarinya, gidanmu ya karye. Bayi sun watse, kakanmu bai iya riƙe fartanya ba, rumbuna babu komai, aka fara sayar da tasoshi. Uban Baffa ne kaɗai yake da hatsi, don fadamarsa ba ta ƙone ba. Matarsa ta ce masa ba za ta zauna tana ci yaron da ta shayar yana kwana da yunwa ba. Shi ne ya ɗauko dami a ka ya kawo, ya sake kawowa, har damina ta faɗi. Bai ɗora wa jaki ba don kada a gani a ce sayarwa zai kai, kakanmu kuma ya ji nauyin karɓa. Da yunwar ta wuce bai daina ba, ɗansa ma ya ɗora. Goggo ta ce da dawar nan ta rayu, da ita ubanmu ya rayu har ya haife mu. Ta ce Baffa ya yi shiru a gaban dagaci ne don ba zai buɗe baki ya ce bawa ne ya ciyar da gidan ubangidansa ba, alhali ɗan'uwansa yana kabari. Ya zaɓi ya rasa gonar a kan ya tona mana asiri.

Yaya ya ce wannan tsohon zance ne, kuma an riga an rubuta. Ni kuwa ba sabon labari ta ba ni ba. Ta taɓa gaya mana shi muna yara, fiye da sau ɗaya. Ina tune da shi sarai lokacin da nake cewa galla.

Yaya ya so ya gyara abin ta hanyarsa. Ya je har rinji ya ce wa Baffa ya zo ya noma sabuwar gonar kamar yadda yake noma tsohuwar, babu abin da ya canja, ko damin ma an yafe masa. An ce Baffa yana zaune yana shafa wa ƙafarsa man kaɗanya, bai ɗago ba, ya ce noman gonar wani ubansa ya riga ya yi shi, ya yi nasa ya yi na 'ya'yansa har da na jikoki, ba a binsu ko kunya ɗaya. Yaya ya ce girman kai ne. Baffa ya ce ƙwarai kuwa, shi kaɗai ya rage masa. Daga ranar ba su sake haɗa tabarma ba.

Da kaka ta zo ya shigo gidanmu kamar kullum, hannu biyu babu komai. Ya tsuguna a ƙofar ɗakin Goggo suka gaisa, ya ce mata bana babu. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya ɗan zauna ya tambayi ciwon bayanta, ya tashi ya tafi.

Da gonar ta tafi sai ya kafa ɗan tebur a ƙofar kamfaninmu, yana sayar da goro da ashana da sigari da alewa. Ban san ko da gangan ya zaɓi wurin ba. Kowace safiya sai na wuce ta gabansa kafin in shiga ɗakin kati. In ce, "Baffa, kun tashi lafiya?" Ya ce ga su nan, ba a kore su ba tukuna. Bai daina ce mini Akawu ba, amma ya daina tambayata sunan wa na rubuta.

In jiniyar hutun rana ta yi kuka, leburori sukan taru a inuwar teburinsa su ci abinci. Wata rana ina kusa, rediyon wani yana ta maganar yadda Turawa suke wulaƙanta baƙaƙe a Afirka ta Kudu, daga nan hira ta gangara kan bayin da aka kwashe ta teku. Wani mai aikin injin aske fata, mutumin kudancin Zariya, mai yawan karanta jarida, ya ce dole wata rana Turawa su biya diyya, na bayin da na ƙasar da suka ɓata, har da wannan ruwan da yake bin bayan katanga. Wani ɗan Nijar ya ce in an biya a tuna da shi, zai sayi raƙumi. Aka yi dariya. Aka tambayi Baffa me ya gani.

Ya ce, "Su biya, ya kamata. Amma in kuɗin ya zo za a ce a kira mai gida, a buɗe littafi. Ku duba ku ga sunan wa ke ciki."

Mai jaridar ya ce ai gwamnati za ta raba.

"Ubana ba Bature ne ya ɗaure shi ba," in ji Baffa. "Wanda ya ɗaure shi salla yake yi. Wanda ya saye shi ma haka. Ba su ƙetare teku ba, suna nan, mun san gidajensu. A fara da na kusa mana."

Bai dubi inda nake ba. Ni kuma na koma ɗakin kati ban gama cin abincina ba. Daga baya na ji cewa mai jaridar ya tambaye shi daga ina aka kawo ubansa. Ya ce abin da ya sani kawai, ƙasa ce mai duwatsu, kuma acca suke nomawa. Mutumin ya ce to ai namu ne kai. Tun daga ranar shi da 'yan'uwansa suka koma ce masa Kaka, in sun dawo daga hutun Kirsimeti su kawo masa acca a ƙullin leda. Ya ce bai iya cinta ba, amma yana karɓa.

Shekara shida yana wurin. A cikinsu aka raba mana gonar Zawaciki ni da Yaya, rabi da rabi. Na shuka gyaɗa a tawa sau biyu, sannan na bar ta haka nan. Na kan gaya wa kaina zan yi magana bayan salla, ko bayan kaka, ko in Goggo ta matsa. Goggo ta rasu ba ta sake matsawa ba. Da ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, 'yarsa ta zo ta kwashe shi zuwa Dorayi. Mijinta direban babbar mota ne a Dakata, mutumin kirki, shi ya goya shi ya sa a mota.

Na je duba shi sau ɗaya, da gwangwanin madara da lemo. Yana kwance a kan katifa a ƙasa, ƙafafun a naɗe da tsumma. 'Yarsa ta shimfiɗa mini tabarma ta fita, ba ta haɗa ido da ni ba. Muka gaisa, na yi ta kewaye-kewaye, na yi maganar zafi, na yi maganar tsadar magani. Daga ƙarshe na ce, "Baffa, na zo ne ku yafe mini abin da ya faru a kan gonar nan."

Ya ce, "Me ya faru?"

Na ce maganar da na yi.

"A ina ka yi ta?"

Na ce a ƙofar gidan dagaci.

"To ba a ɗaki ka yi waccan ba, Akawu. Nan daga ni sai kai sai bango. Ni ban riƙe ka don gona ba, ko an ba ni yau ba zan iya taka ta ba. Amma mutane sun tashi daga wurin nan da cewa ubana ɗan aro ne. Inda suka ji waccan, can za su ji wannan. In ka yi, ka dawo mu sha lemonka."

Na ce to. Na fito da niyyar yi a Juma'ar nan. Sai na fara lissafin abin da zai biyo baya. Yaya zai ce na tozarta gidan. Dagaci zai ce na mai da shi abin wasa. Ni da nake jan salla wani lokaci a masallacin kamfani, za a ce ga mai shaidar zur. Juma'a ta wuce, wata ta biyo ta. Wata biyar ina haka. Ina ɗakin kati ranar Talatar nan mijin 'yarsa ya aiko a gaya mini.

Sai ranar sadakar uku na yi maganar, a kan tabarmin da aka shimfiɗa a ƙofar gidan hayar. Ba ƙofar dagaci ba ce, amma dagacin ya zo gaisuwa, haka ma yawancin tsofaffin da suke gindin durumin a waccan rana, waɗanda suka rage. Mata suna daga cikin soro suna ji.

Abin da ya biyo baya ba shi da yawa. Yaya bai sake yi mini magana ba har yau, kuma rabinsa ya riga ya sayar wa masu buga bulo, wannan ba zai dawo ba. Dagaci ya ce a zo a gyara littafi, aka gyara, aka sa sunan uban Baffa a kan rabin da ya rage, sannan na 'yarsa. Ita kuwa ta karɓa. Ta aiko mijinta ya gaya mini cewa ta ji, gona kuma ta ubanta ce dama, amma yafiya ba a hannunta take ba, mai ita ya jira wata biyar ya tafi da abarsa. Ban ga laifinta ba. Na rubuta wannan ne don jikokinsa su san wanda ya sari gonar, su kuma san wanda ya ciyar da wani. Allah ya jiƙan Baffa, ya jiƙan uban da ya haife shi da uwar da ta shayar da shi da mahaifina.

A ranar sadakar ukun, liman ya shafa addu'a, ana shirin raba gumba, na miƙe. Yaya ya kama bakin rigata, na zare. Muryata ba ta fita da kyau ba, sai da wani ya ce in ɗaga. Na ce:

"Jama'a, ku ɗan saurare ni. Ni ne na tsaya a ƙofar dagaci na ce damin da Baffa yake kai wa gidanmu galla ne. Ƙarya na yi, kuma na san ƙarya ce lokacin da nake faɗa. Gonar ta ubansa ce, shi ya sare ta, ba mu taɓa ba shi aronta ba don ba tamu ba ce. Damin nan ciyar da mu ake yi da shi, tun shekarar yunwa. Ya ce in faɗi haka a gabanku yana da rai, na ji tsoronku, na bari har ya mutu. Rabona na gonar Zawaciki na 'yarsa ne daga yau, ku ne shaidu, kuma kada wani ya ce kyauta na yi, kayanta na mayar mata, rabi ma. Ita da mutanen rinji, ku yafe mini in za ku iya. Baffa ba ya jina yanzu, amma shi na fi yi wa laifi. Baffa, ku yi haƙuri. Na makara."